Buhun tsofaffin kaset: ina ribar take maƙalewa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne a Zariya, shekara biyu ke nan ina sayar da tsofaffin kaset da faifan garmaho. Nakan saya buhu-buhu a hannun 'yan gwangwan da gidajen da ake rabon gado, in baje a tebur kowane kaset naira 300, wani lokacin in sa hoto a Facebook. Ana ciniki, amma wata ya ƙare ban ga komai ba. Abokina da ya karanta kasuwanci a jami'a ya ce in zauna in duba "sarƙar daraja". Wannan ba maganar manyan kamfanoni ba ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka bai ɓatar da kai ba, sunan ne kawai ya yi wa abin girma. Wani malamin jami'ar Harvard a Amurka, Michael Porter, shi ya yaɗa tunanin a 1985, amma mai ƙuli-ƙuli ta riga shi sani: gyaɗa ɗanya kuɗinta daban, in an soya daban, in an matse mai an murza tunkuza kuma daban. A kowane hannu akwai abin da aka kashe da abin da aka ƙara. Aikinka shi ne ka bi kaset ɗaya tun daga buhun ɗan gwangwan har hannun mai saye, kana tambaya a kowane zango: nawa na kashe nan, me na ƙara masa?

Na yi zaman shagon kaset na yayana a Kano ina ɗan sakandare, lokacin da Ƙofar Wambai ke cika da dillalan kaset, don haka bari in faɗa maka inda nake zargin kuɗinka ke zurarewa. Naira 300 ɗin nan da ka yi wa kowa kuɗin goro, ita ce matsalar. A buhu guda za ka tarar da kwafin da wani ya naɗa daga rediyo, da wanda zarensa ya cinye, da kuma na asali mai kwalinsa da hoton mawaƙin. Idan Shata ne, wanda ya rasu a 1999, ko Ɗanƙwairo da ya riga shi a 1991, ko Ɗan Maraya Jos, ba za a sake naɗar sabo daga bakinsu ba. Wanda ya san abin yakan zo teburinka ya tsince waɗannan a farashin tarkace, ya bar maka tarkacen. Shi ya ci ribar saninsa, kai ka ci rana.

Saboda haka zangon da ya fi kawo kuɗi a sana'arka shi ne tantancewa, kuma bai cin jari sai haƙuri. Ka samu rakoda mai lafiya, ka goge kanta da auduga da ɗan sifirit, ka saurari kowane kaset gaba da baya. Wanda zarensa ya saki, ka sa biro ka ɗaure shi. Ka leƙa ɗan soson nan da ke ƙarƙashin zare. In ya faɗi murya takan dusashe, kuma ana ciro na mataccen kaset a manna. Faifai kuwa ka duba lambar gudunsa, 33 ne ko 45 ko 78. Na 78 ɗin tsoho ne mai saurin fashewa, kada sifirit ya kusance shi, yana cin fuskarsa. Ka karanta tambarin tsakiya: sunan kamfani irin su EMI da lambar faifan su ne abin da masu tarawa ke fara tambaya. Bayan nan ka kasa kaya uku, na asali masu lafiya a kashin farko, kowane kashi da farashinsa.

Ajiya ma zango ce, ko da yake ba ta ƙara komai, hana asara take yi. Faifan da ya sha ranar Zariya a tebur zai lanƙwashe, kuma da wuya ya miƙe. A tsaye ake jera shi, a inuwa. Kaset kuma ka nisanta shi da lasifika, maganaɗisun cikinta yana shafe sauti.

Sai wurin sayarwa. Mai wucewa ta bakin kasuwa ba shi ne mai sayen kashinka na farko ba. Masu shi su ne dattijon da ke neman waƙar da aka yi wa sarkin garinsu, da ɗaliban sashen Hausa da ke rubutu kan makaɗan baka, ga jami'ar Ahmadu Bello nan kusa da kai, da masu shirye-shiryen gargajiya a gidajen rediyo. Hoton buhu ba ya kiran waɗannan. Ka ɗauki kaset ɗaya, gaba da baya, ka rubuta mawaƙi da waƙoƙin da ke ciki da gaskiyar lafiyarsa. In akwai inda ya shaƙe, ka faɗa. Faifai kuma ka duba Discogs, shafin intanet na masu saye da sayar da faifai, ka ga ko an taɓa sayar da irinsa, amma ka lissafa kuɗin aikawa waje kafin murna ta kama ka.

Wata hanya za ta yi maka ƙyalli, wato ka juye waƙoƙin a waya kana turawa ana biyanka. Sayar da kaset ɗin da ka mallaka daban, buga kwafi daban. Na biyun akwai haƙƙin mawaƙi da magadansa, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana nan. Ban da haka ma masu turi sun cika kowace kwana, ba za ka fi su araha ba.

Buhu na gaba da za ka saya, ka buɗe masa shafi a littafi: kuɗin saye, kuɗin mota, nawa suka mutu, nawa suka shiga kowane kashi, kwana nawa kowanne ya yi kafin ya fita. In ka yi wa buhu uku haka, za ka ga wane ɗan gwangwan ne ke kawo maka kaya, wane ne ke sayar maka da shara. Ka rubuto mana abin da littafin ya nuna.