Haɗa Google Calendar da Airtable: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina koyar da ɗalibai darasi ta intanet, duk wanda ya kama lokaci sai in sa shi a Google Calendar, sannan in koma Airtable, manhajar ajiye bayanai a tebur, in sake rubuta sunansa da rana da awa saboda a can nake lissafin wanda ya zo da wanda bai zo ba. Wallahi na gaji da rubutu sau biyu, kuma ni ban iya rubuta manhaja ba. Akwai dabara?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa, akwai kam, kuma ba sai ka rubuta layin kod ko ɗaya ba. Abin da kake buƙata ɗan aike ne a tsakani, wato manhajar da za ta riƙa leƙa kalandarka, in ta ga sabon abu ta ɗauka ta kai Airtable. Sanannun su ne Zapier, da Make wanda da ake kira Integromat kafin a canza masa suna a 2022, sai n8n wanda aka fara a Jamus a 2019, shi har za ka iya ɗora shi a kan sabarka, wato kwamfutarka da za ta riƙa gudanar da shi, in kai mai son wahalar da kai ne. Dukkansu tsari ɗaya suke bi, akwai abin da ke tayar da aikin, akwai aikin da za a yi in ya tashi. A naka, mai tayarwa shi ne shigowar sabon darasi a kalanda, aikin kuma buɗe sabon layi a teburinka.

Amma kafin ka taɓa ko ɗaya cikinsu fara gyara teburin tukuna. Gurbin suna, gurbin lokacin farawa, na gamawa, waɗannan biyun ka tabbata nau'in kwanan wata ne mai haɗe da awa ba rubutu zalla ba, sai gurbi na huɗu wanda kusan kowa ke mantawa: lambar shaidar taron. Duk abin da ka sa a Google Calendar yana da wata doguwar lamba ta haruffa da alƙaluma da ba ka gani a fuska, ita ce sunansa na gaskiya a wajen kwamfuta, ko ka canza take ko ka ɗaga rana ita tana nan. Ka buɗe mata gurbinta ka sa a riƙa zuba ta. Yanzu za ka ga kamar ba ta da amfani, bari ka karanta tambaya ta gaba.

Daga nan sai ka shiga ɗan aiken, ka ba shi izinin shiga akawun ɗinka na Google da na Airtable, ka nuna masa wace kalanda, wane tebur, ka jera wane bayani zai faɗa wane gurbi, ka gwada da darasi ɗaya na ƙarya, shikenan. Abu ɗaya dai, daga ranar da ka kunna yake fara aiki, tsofaffin darussan da ke kalanda tun bara ba zai kwaso su da kansa ba. Kuma ka leƙa sashen aiki-da-kai (Automations) na cikin Airtable ɗin kansa, yana da nasa haɗin da Google Calendar, in buƙatarka ba ta wuce wannan ba to ba ma sai ka nemo na uku ba.

Tambaya: Ni na riga na haɗa da Zapier yana aiki, matsalar duk sanda na ɗaga lokacin taro sai in ga layi biyu ko uku na abu ɗaya, teburin ya cika da shara. Me na yi ba daidai ba?

Amsa: Malama ba ki ɓata komai ba, abin da kika ce masa ya yi shi yake yi. Kin zaɓi mai tayarwar da ke motsi a kan sabon taro da kuma wanda aka gyara, amma aikin da kika ba shi ɗaya ne tal, buɗe sabon layi, to shi ina ruwansa, ko waƙafi kika ƙara a bayanin taron zai sake buɗe wani. Maganin ita ce lambar nan da na ce a ajiye. Ki sa mataki a tsakiya wanda zai fara binciken teburin da lambar taron, in ya same ta ya gyara layin da ke nan, in bai samu ba sannan ya buɗe sabo. Kada ki yi binciken da take ko sunan mutum, ranar da kika samu taro biyu masu suna iri ɗaya ɗaya zai hau kan ɗaya ya goge shi kuma ba za ki sani ba sai an zo ana musu.

Taron da ke maimaita kansa duk mako shi ma sai an lura, kowane zama yana da tasa lambar, wato lambar uwa sai a liƙa mata ranar a ƙarshe, don haka ki yanke tun farko ko layi ɗaya kike so na dukkan jerin ko kowane mako da nasa. Wanda aka soke kuwa ni ban cika son a sa inji ya goge layi ba gaskiya, gara ki buɗe gurbin matsayi ya rubuta an soke, ki ɓoye su da abin tace layuka, wato filter. Abin da inji ya goge da dare wa zai tuna da shi da safe?

Tambaya: Taron ƙarfe 10 yana zuwa min a ƙarfe 9, kuma abin kwana ɗaya yana nuna kwana biyu.

Amsa: Na farkon rikicin agogon duniya ne. Manhajojin nan suna miƙa wa juna lokaci da tsarin ISO 8601, irin 2025-03-14T09:00:00Z, harafin Z ɗin nan na ƙarshe yana nufin agogon UTC ne, wato agogon da duk duniya ke auna lokaci da shi, to in inda kake yana gaban UTC da awa ɗaya kaga ƙarfe 10 naka shi ne 9 a can. Wuri uku za ka duba su zama ɗaya: saitin kalandar, saitin akawun ɗinka a ɗan aiken, da saitin gurbin kwanan wata a Airtable inda ake zaɓar yankin lokacin da zai nuna. Don Allah kar ka gyara ta hanyar ƙara awa ɗaya da lissafi, na ga masu yi, yana tafiya lafiya har ranar da aka haɗa da wani a ƙasar da ke canza agogo lokacin bazara sai komai ya rikice.

Na biyun ba kuskure ba ne, haka Google ke lissafi, taron yini guda na 14 ga Maris ƙarshensa 15 ga Maris yake rubutawa saboda ranar ƙarshe ba ta cikin ƙirga. Buɗe gurbin lissafi a Airtable, ka yi amfani da DATEADD, umarnin ƙara ko rage kwanaki, ka cire kwana ɗaya, magana ta ƙare.

Tambaya: Na kyautar zai ishe ni?

Amsa: Ya danganta da yawan zirga-zirgarka. Zapier na kyauta aiki 100 ne a wata, mataki biyu kacal yake bari, kuma duk minti 15 yake leƙawa. Make yana ba da 1,000 da matakai da yawa, sai dai shi har leƙen da ya yi bai samu komai ba yana ƙirgawa, in ka bar shi duk minti 15 sau 96 kenan a rana, kusan 2,880 a wata, kafin kwana 11 ya cinye rabonka. Mayar da shi duk awa, 720 ne, ka samu sauran na aikin gaske. Airtable na kyauta kuma layi 1,000 ne a rumbu ɗaya, wato base, inda teburanka ke zama.

Tambaya: Inaso ya zama ta ko'ina na gyara ɗayan ma ya gyaru, kalanda zuwa tebur, tebur zuwa kalanda.

Amsa: Yana yiwuwa amma ni dai in ba dole ba ba na ba da shawara. Ka gyara a tebur, inji ya kai kalanda, kalanda ta ce an yi gyara, ɗaya injin ya dawo da shi tebur, tebur ya ce an yi gyara, haka za su yi ta jifan juna har rabonka na wata ya ƙare kana barci, ga Airtable ba ya karɓar fiye da buƙata 5 a sakan ɗaya a kowane rumbu, in an wuce ya rufe ƙofa na sakan 30. In ka nace, to raba musu gado: lokaci da rana kalanda ce mai iko, bayanan biya da halarta tebur ne, kowane inji ya taɓa nasa gurbin kawai, kuma ka sa filter ya tsayar da aikin in sabon bayanin daidai yake da wanda ke nan. In kuwa ganin abubuwan tebur a kalanda kawai kake so, Airtable yana ba da linkin iCal, wato adireshin da wata kalanda za ta iya karantawa, daga shafin kalandarsa, ka liƙa a Google Calendar, sai dai Google yana jan ƙafa wajen sabunta shi, wani lokacin sai ya ɗauki awanni da yawa kafin gyaran ya fito.