Ɗana, kafin ka tura kuɗin gidan nan

Assalamu alaikum. Saƙonka ya same ni lafiya, kuma na yi murna da aka mai da aikinka Abuja. Allah ya sa alheri ne ya kira ka. Yaya surukata da 'yan jikokina?

Ka ce ejan ya turo maka hotunan gidaje biyu a waya, ɗaya a Lugbe cikin rukunin gidaje mai get da mai gadi, ɗaya a Kubwa cikin unguwa, kuma ya ce in ba ka tura kuɗi kafin Juma'a ba wani zai ɗauke. Mahaifiyarka kuma ta ce kada ka kuskura ka biya sai ka je ka gai da mai unguwa da liman, ka ga maƙwabta da idonka. Shi ne kake tambayata wai wannan addini ne ko al'ada ce kawai, kuma har yanzu ana yin haka a birni irin Abuja?

Da na karanta sai da na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Ragon layya ma sai an dafa gadon bayansa ake ciniki, balle wurin da za ka ajiye mace da ƙananan yara ka fita tun safe.

Ni lokacin da na bar gida ban nemi ɗaki ba, mutum na nema. A 1974 ne, bayan farin da aka yi ya cinye mana amfanin gona, kakanka ya sa ni a jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ibadan. Naira ba ta daɗe da fitowa ba, tsofaffi har lokacin da fam da sule suke lissafi. Abin da ya ba ni shi ne guzurin ƙuli-ƙuli da takarda da ajami zuwa ga wani dattijo a Sabo. Sabon Ibadan tsohuwar unguwa ce, tun 1916 aka ware wa Hausawa ita, kuma tsarinta a bayyane yake: baƙo yana sauka ne a hannun maigida. Shi zai ba ka wurin kwana, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka in za a ba ka kaya bashi, in ka yi laifi kuma shi Sarkin Hausawa zai kira. A hannun dattijon nan na koyi goro. Mu je Shagamu mu saro, mu zauna mu tsince, mu ware marsa daban, mu ɗaura huhu da ganye, a loda zuwa Arewa.

Da na yi aure a 1979 sai na fara neman inda zan kawo Innarku. Sabo a cike take, ɗaki ɗaya sai ka ga mutum nawa. Wani abokina ya nuna mini ciki da falo a ƙasa da unguwarmu, wajen rafin Ogunpa. Daɓen siminti, sabon kwano, famfo a tsakar gida, haya kuma da sauƙi. Na dawo da murna na gaya wa maigidana. Bai ce komai ba sai, "Gobe in mun idar da asuba ka raka ni."

Wannan safiyar ba zan manta da ita ba. Da ƙafa muka tafi, yana dogara sandarsa, ina biye da shi riƙe da buzunsa. Kafin mu kai gidan ya tsaya a ɗan masallacin da ke bakin layin, ya leƙa, ya dubi tabarmin, ya taɓa randar alwala ya ji ko da ruwa. Muka wuce wurin wata mata mai suyar ƙosai. Ya gaishe ta da Yarabanci, don ya iya sosai, ya sayi ƙosai ya miƙa mini, ya tsuguna kamar mai jin ɗumin wuta. Hira yake ja da ita: wa ke cikin ɗakin nan a da, shekara nawa ya yi, me ya tashe shi. Ni ƙosai kawai nake ci, raina yana wurin simintin.

Da muka shiga gidan mai shi ya tarbe mu da fara'a, mutumin kirki ne. Yana nuna mana rufi da tagogi, maigidana kuwa ƙasa yake kallo. Ya je jikin bango ya sa farce ya kankare sabon fentin, sai ga wani layi mai launin ƙasa ya bi bangon, ya kai gwiwata. Ya kalle ni, bai yi magana ba. Sannan ya juya ya tambayi mai gidan, "Akwai tsohuwa a gidan nan?" Aka ce babu. Duk 'yan hayar samari ne ma'aikata, su fita da safe su kulle ɗakunansu sai dare.

Na ɗauka mun gama, ashe da saura. Ya sa na shimfiɗa buzun a gindin wata bishiya da ke fuskantar layin, muka zauna har hantsi ya dubi ludayi. Yana jan carbi, idonsa na kan yara. Ya ga waɗanda suka wuce makaranta, ya ga waɗanda suka rage a layi. Wani yaro ya jefi akuyar mutane da dutse a gaban manya, ba wanda ya ɗaga kai. A nan ne ya miƙe ya ce mu tafi.

Sai da muka hau tudu muka kusa Sabo sannan ya buɗe baki. Ya ce, "Ubana ya gaya mini, gida na mai wuni ne a cikinsa. Kai kwana za ka riƙa yi, wani lokaci ma kana Shagamu. Yarinyar da za ka ɗauko daga gaban iyayenta, ba ta jin yaren garin, ita za ta wuni. In ciwo ya kama ta da rana tsaka, ƙofar wa za ta buga?" Ya ce ruwan da na gani a bango ƙaramin dalili ne, don ruwa shekara-shekara yake zuwa, kaɗaici kuwa kullum ne.

Ɗakin da ya sama mini a Sabo ƙarami ne, bayan gida na haɗaka, ruwa sai an ɗebo. Amma akwai wata tsohuwa Bazazzagiya mai koko a gidan, bayan katanga kuma wata Bayarabiya mai sayar da garin alabo, wadda duk layin ke ce wa Iya. Su biyun nan suka riƙe Innarku. Tsohuwar ta koya mata zaman gidan haya, Iya ta koya mata kasuwa da yadda ake taya kaya.

A ƙarshen watan Agusta na 1980 Ogunpa ya yi ambaliyar da har yau mutanen Ibadan ba su daina zancenta ba. Gidaje sun rushe, an rasa rayuka da yawa, Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu. Layin da na so, ruwa ya shiga ɗakunansa. Ni ina Shagamu a lokacin, Innarku kuma cikinta ya tsufa. Kafin in samu motar dawowa naƙuda ta taso mata da dare, Iya ce ta tashi ɗanta ya nemo tasi, tsohuwa ta riƙe ta har asibiti. Yayarku 'yar farina a hannun matan nan ta faɗo duniya. Ranar suna Iya ta zo da anko irin nasu, ta ɗaura gwaggwaro, ita ta tsaya kan tukwane.

Na kawo maka Iya ne da gangan, don kada ka ɗauka cewa nake sai inda Hausawa zalla suke. Maigidana bai tambayi yaren kowa ba a safiyar nan. Hali yake dubawa, da kuma ko mutanen layin sun san juna. Manyanmu suna cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. 'Ya'yanka bakin yaran layi za su ɗauka kafin su ɗauki naka, tafiyarsu za su yi, abin da suke ganin ba komai ba ne shi za su ga ba komai ba ne.

Ka tambaye ni addini ne ko al'ada. Ni ba malami ba ne, amma tun muna makarantar allo ake karanta mana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Mala'ika Jibrilu bai gushe ba yana yi masa wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado. Kakanka yakan ce mutumin da haƙƙinsa ya kai haka a kanka, ai ka san ko wane ne kafin ka ɗora wa wuyanka.

Abin da ke damuna da zamaninku shi ne kun mai da katanga maƙwabci. A ɗaga gini sama, a zagaye da waya, a sa ƙofar ƙarfe, mutum ya shekara biyar bai san sunan wanda suke jin tarin juna ba. Nan Kano ma sababbin unguwanni haka suka koma. Ana rasuwa a bayan gidanka sai a WhatsApp za ka gani, an riga an kai. Da, ɗa na kowa ne. Wanda ya ga ɗanka yana abin da bai dace ba zai tsawata masa, ka ji ka je ka yi godiya. Yanzu ka yi wa yaro magana uban ya zo maka da faɗa, shi ya sa kowa ya kama bakinsa, yaran kuma su ne suka yi asara. Ban ce tsaro ba kome ba ne, na san halin da ƙasa take ciki, mai gadi yana da ranarsa. Amma mai gadi ba zai zauna da matarka ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita ba.

Abuja kuwa gari ne da aka yi shi muna gani. Janar Murtala ya ayyana shi a 1976, gwamnati ba ta tare ba sai Disambar 1991. Kusan kowa a can baƙo ne, ban da Gwarawa da sauran waɗanda aka tarar a ƙasarsu. Don haka in ka je neman mai unguwa, wataƙila dagacin da za a nuna maka Bagware ne, wataƙila ma ba musulmi ba. Wannan ba ya rage komai daga girman da za ka ba shi. A cikin rukunin gidajen nan na zamani kuma za ka tarar shugaban 'yan unguwa ne ke riƙe da al'amura. Irin waɗannan mutane su suka san filin da takardarsa ke da kyau da wanda ke jiran katafila. Ka tambayi waɗanda suka zauna can tsakanin 2003 da 2007, lokacin Malam Nasiru El-Rufa'i yana minista, su ba ka labarin rusau. Akwai 'yan haya da suka biya kuɗin shekara, ba su cinye ba aka shafa wa gidan jan fenti.

Ka je da kanka, kuma ka tafi da surukata, don idon mace yana ganin abin da naka ba zai gani ba. In da hali ka je ranar da aka yi ruwa, ka ga inda yake bi da inda yake kwanciya, don akwai wurare a wajen Lugbe da Lokogoma da ke shan wahala da damina. Ka tsai da mai kurar ruwa ka tambaye shi nawa jarka, da rani kuma nawa take kaiwa, shi ba zai ɓoye maka ba. Ka taka da ƙafa daga ƙofar gidan zuwa Islamiyya, ka ga ko sai yaro ya tsallaka babban titi. Sannan ka gwada hanyar ofis da safe a ranar aiki. Na san 'yan garinmu da suka zauna Mararaba saboda sauƙin haya, cunkoson hanyar Nyanya ya sa suna fita yara na barci su dawo yara na barci. Uban da 'ya'yansa ba sa ganinsa sai Asabar, ragin da aka yi masa a haya bai biya shi ba. Kubwa tana da tashar jirgin ƙasan da ke zuwa Rigasa a Kaduna tun 2016, wannan ma abin dubawa ne ga mai iyaye a Arewa, don zumunta a ƙafa take. Amma ban ce ka ɗauki Kubwa ba. Ban ga layin ba, ban ga mutanensa ba.

Maganar ejan da Juma'arsa, kada ta tayar maka da hankali. Shi la'adarsa yake nema, ba laifi ba ne, sana'arsa ce. In gidan rabonka ne zai jira ka, in wani ya ɗauka Allah ya sa haka ya fi alheri. Gara ka bar iyalinka nan wurin mahaifiyarka wata ɗaya ko biyu, ka je kai kaɗai ka san garin tukuna, in lokacin duba gidajen ya yi sai surukata ta same ka.

Akwai ɗan wani abokina da muka yi zaman Sabo tare, yana sayar da katako a kasuwar Dei-Dei, ya daɗe a can da iyalinsa. Na yi masa waya jiya da dare, ya ce ka sauka a wurinsa, zai zaga da kai duka unguwannin biyu. Ka riƙa masa 'yar tsaraba, kada ka je hannu rabbana. In kun je gai da liman ka bar shi ya fara magana, shi ya san su.

Ka gai da surukata, ka shafa mini kan yara. Ka ce wa mahaifinka maganar gonar tana nan, sai na shigo ranar Lahadi in Allah ya kai mu.

Baffanka.