Wane ma'aunin zafi aka tsoma a cikin wutar digiri tiriliyan 4?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ƙanena, na ga tambayarka tun da rana, inda ka ce ka ji wai a Amurka an haɗa wata wuta mai zafin digiri tiriliyan 4, kana son sanin wane ma'aunin zafi aka tsoma a ciki bai narke ba. Na ga wasu sun manna maka alamar dariya. Ni ban ga abin dariya ba, don na san abin da ke cinka a rai ya wuce maganar ma'auni. Kana tambaya ne ko abin da bai kai girman ƙwayar zarra ba, kuma kafin a ce kwabo ya watse, ya ma cancanci a ce yana da zafi kaza. Wannan tambaya manyan masana sun sha yin ta.

To ga yadda abin yake. A Brookhaven, can jihar Nuyok, akwai injin da ake kira RHIC, a 2000 aka fara gwara cibiyoyin zarrar zinare a cikinsa, suna gudu dab da gudun haske. A CERN kuma, cibiyar binciken Turai da ke kusa da Janeba, injin da ake kira LHC ya fara gwara na dalma a 2010. In suka yi karo gaba da gaba, furoton da niyutron da ke cikin cibiyoyin narkewa suke yi, ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaure a cikinsu, wato kwak da gulwon, su saki jiki su cakuɗe su zama kamar miya. Tsawon rayuwar abin? Ka rubuta 1, ka jera masa sifili 23, ka raba daƙiƙa ɗaya gida-gida haka, to kamar kashi 3 daga ciki yake yi. Shi ke nan. Babu abin da za ka tsoma.

Amma wa ya ce sai an tsoma abu ake sanin zafi? Nan ne nake da ciwo da yadda muke koyarwa. Muna sa yara su haddace cewa zafi shi ne gwargwadon ɗumi ko sanyin abu, ana auna shi da tamomita, sai mu rufe littafi. Na taɓa zama wani taron bita na malaman kimiyya, na ce wa mai gabatarwa ya kamata a gaya wa 'yan aji shida cewa zafi magana ce ta yadda ƙwayoyi suka raba makamashi a tsakaninsu. Ya ce mini wannan ba ya cikin manhaja, kada in rikita yara. A gaban mutane fa. Na ce ranka ya daɗe, to zafin saman rana da muke ba su, wajen digiri 5,500, wa ya je can da tamomita? Bai amsa ba, ya ce mu ci gaba. Har yau abin yana mini zafi, domin yaran da aka ce kada a rikita su ne suke girma su zama malamai, su ji tiriliyan 4 su ce ƙaryar Turawa ce. Ba da kai nake ba ƙanena, kai tambaya ka yi. Da tsarin nake.

Bari in dawo. Ka tsaya a ƙofar kara ranar kasuwa, ka ƙirga masu fitowa da kaza, da masu akuya, da masu sa. Ba ka leƙa aljihun kowa ba, amma daga yawan kowane kaso ka san irin kuɗin da ke yawo a hannun jama'a ranar. Haka ƙwayoyin nan suke. Karo ɗaya na dalma da dalma, in ya zo daidai tsakiya, yana fitar da ƙwayoyi masu caji sama da 20,000. Marasa nauyi irin fayon su ne jingim, kayon ya fi su ƙaranci, furoton ya fi shi, a haka a haka. Ƙera mai nauyi yana cin makamashi da yawa, don haka yadda adadi ke raguwa in nauyi ya ƙaru, shi ke faɗa maka zafin. Wannan shi ake kira lissafin Boltzmann.

Mutanen ALICE, ɗaya daga manyan na'urorin LHC, sun yi wannan ƙidaya, tun daga fayon har cibiyar hiliyam. Tsakanin mafi yawa da mafi ƙaranci tazarar ta kai ninki biliyan. Kuma lambar zafi ɗaya ta ɗauke kusan dukkansu: wajen 156 MeV (MeV ma'aunin makamashi ne da ake faɗin zafi da shi a wannan fanni), wato kusan digiri tiriliyan 1.8. Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne naman yake. Wasu masanan daban, waɗanda aikinsu lissafi ne a manyan kwamfutoci, sun ɗauki dokar da ke mulkin kwak da gulwon suka lissafa a wane zafi ne miyar take komawa ƙwayoyi na yau da kullum. Suka samu tsakanin 155 da 158 MeV. Wannan ya bi ta ƙidaya, wancan ya bi ta lissafi tsantsa, suka haɗu wuri guda. Kai, tun 1965 ma Rolf Hagedorn, a nan CERN ɗin, ya hango cewa akwai wani zafi wajen 160 MeV da ƙwayoyin da aka sani ba za su iya wuce shi suna yadda suke ba, alhali a lokacin maganar kwak ba ta ma zauna ba.

Sai ka ce to ina tiriliyan 4 ɗin? Eh, tsaya, ya kamata in raba su, don lambobi biyu ne kuma ba matsayinsu ɗaya ba. 156 ɗin zafin ƙarshe ne, lokacin da abin ya buɗe ya huce har ya daskare ya zama ƙwayoyi. Tiriliyan 4 na farko-farko ne, kuma da haske aka same shi. Hasken da aka haifa a cikin miyar ba ruwansa da ƙarfin da ke riƙe kwak, ficewarsa yake yi kai tsaye, ya taho da labarin ciki. Ƙungiyar PHENIX ta RHIC ce ta sanar da shi a Fabrairun 2010, aka ce ya ninka tsakiyar rana sau 250,000. Gaskiya ne, amma ni na fi kwanciyar hankali da 156. Dalili, hasken nan yana fitowa tun daga farko har ƙarshe, na lokacin ƙuna da na lokacin hucewa duk a gauraye, ga shi miyar tana bazuwa da gudu, wanda ke sa hasken ya yi kamar ya fi yadda yake zafi. Sai an sa lissafin yadda abin ke faɗaɗa kafin a koma baya a ce ga zafin farko, kuma in ka canza zato kaɗan lambar tana motsawa sosai.

Akwai kuma shaidar cewa ƙwayoyin suna jin juna da gaske. In karon ya zo a karkace, wurin da suka haɗu ba da'ira ba ne, ya fi tsawo ta gefe ɗaya, sai a ga ƙwayoyi sun fi fita ta gajeren gefen, inda matsi ya fi. Abin da ke warwatse kowa na harkar gabansa ba zai yi haka ba. Shi ya sa a 2005 mutanen RHIC suka ce abin ruwa-ruwa ne mai gudana kusan ba kauri, alhali da iska aka yi tsammani. Wannan sai wani daren.

Abin da ke hana ni barci shi ne diyutaron. Furoton ɗaya da niyutron ɗaya, abin da ya riƙe su 2.2 MeV ne kacal. Zafin wurin kuma 156. Ninki 70 ke nan. A hankalce, da ya haɗu wani abu zai buge shi ya rabu. Amma in aka ƙirga diyutaron da ke fitowa, adadinsa yana zaune daram a kan lissafin nan na 156. Haka hiliyam. Duk furoton ko niyutron ɗaya da ka ƙara, adadin ya ragu kamar sau 300, tsaf, ba gardama. Akwai ma wanda ya fi wannan rauni, haifataraiton, wato diyutaron da aka ƙara wa wata ƙwaya mai suna lamda, wanda lamdar da ke jikinsa da wajen 0.1 MeV take maƙale, shi ma ana ganinsa. Har kishiyar hiliyam mai nauyi 4, wato mai kama da hiliyam amma cajinta akasin nasa, ƙungiyar STAR ta gani a RHIC a 2011, guda 18 daga karo kusan biliyan ɗaya.

To masana sun rabu. Wasu sun ce tun a lokacin daskarewa ake haifar diyutaron, a dunƙule, daga baya ya buɗe. Wasu sun ce a'a, sai can an huce, furoton da niyutron da suka tsinci kansu kusa da juna kuma suna tafiya hanya ɗaya su manne. Ni hankalina ya fi karkata ga na biyun, domin ban ga yadda abu mai rauni haka zai ratsa wannan cunkoso lafiya ba. Sai dai duk wanda ya ɗauki wannan ra'ayi, bashi na kansa: sai ya bayyana me ya sa adadin ya faɗo daidai kan lambar da aka samu daga fayon da kayon. Amsar da na fi gamsuwa da ita ita ce ana fasa shi ana sake haɗa shi a kai a kai, fasawa da haɗawa suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, har adadin ya kasa gusawa sosai daga inda ya faro.

Malama da ta tambaya ko irin wannan karo zai iya haɗiye duniya, a'a Hajiya, ƙwayoyin da ke zuwa daga sararin samaniya suna dukan iskar duniya da ƙarfin da ya fi wannan tun kafin a yi ɗan Adam. Ƙanena, turo mini bidiyon da ka ji maganar a ciki, ina son in ji ko sun faɗi wane lokaci na karon suke nufi da tiriliyan 4 ɗin. Sai da safe.