Gidan Frank Lloyd Wright da Grand Canyon a kwana biyu, zai yiwu?

Ɗan'uwa, ka ce kwana biyu gare ka a jihar Arizona ta Amurka kuma kana son ganin duka biyun. Zai yiwu, amma kar ka haɗa su rana ɗaya.

Ka fara da Taliesin West a Scottsdale, gidan da Wright, shahararren mai zanen gine-gine na Amurka, ya soma aikin gininsa a 1937 da duwatsun hamadar wurin, in ka tsaya gaban bangon za ka ga manyan duwatsu jajaye da baƙaƙe an cusa su cikin siminti kamar daga ƙasa suka tsiro, wallahi abin ya tsaya min a rai. Ka sayi tikiti ta intanet tun kafin ka je.

Daga nan zuwa gefen kudu na Grand Canyon, wato makeken kwazazzabon nan mai zurfin gaske, tafiyar wajen awa huɗu ce a mota. Inda mutane ke kuskure shi ne gangara cikin kwazazzabon da ƙafa ba wuya, sai a yi ta sauka ana jin daɗi, alhali hawowa na cin ninki biyu na lokacin, kuma ƙasan ya fi saman zafi sosai. Hanyar South Kaibab, ɗaya daga cikin hanyoyin gangarawar, ba ruwan sha sam, ka ɗauki naka da ɗan abin gishiri, ka fita da asuba. Kar ka ce sai ka taɓa kogin Colorado da ke can ƙasan kwazazzabon ka dawo rana ɗaya.

In kana da hawan jini ko ciwon zuciya ka fara ganin likita, da ka isa kuma ka tambayi ma'aikatan wurin yanayin hanya.