Kada ki sake rajista, sauyin rumfa za ki nema

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Sau biyu na karanta tambayarki, sai da na kife wayar a cinya na yi shiru, don kamar labarina kika ɗauko. Kin ce aure ya kawo ki Kano, katin zaɓenki na rumfar garinku ne, wani kuma ya ce ki manta da shi ki je ki yi sabuwar rajista, wai ya fi sauƙi. Don girman Allah kada ki yi. Ko maigidan ne ya faɗa miki, ki lallaɓa shi ki ce a'a. Wannan "ya fi sauƙi" ɗin ce ta hana ni jefa ƙuri'a a 2023.

Ni a Zariya na yi rajista tun 2011, zamanin da Jega yake shugaban hukumar zaɓe, ina budurwa. Katin roba ya fito, na yi zaɓen 2015 da na 2019 da shi lafiya lau. Da aure ya kawo ni nan, katin ma a gida na baro shi cikin jakar takardun Inna. Da aka buɗe rajista sai ƙanin maigida ya kai ni wurin wani abokinsa mai shagon kwamfuta, irin masu cike wa yara fom ɗin jarrabawa. Yaro ne mai bakin ganga, yana latsa kwamfuta yana taunar cingam. Na faɗa masa ina da tsohon kati. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Anti, ai wancan ya mutu tunda kin bar jihar, sabo fil za mu yi miki." Ya cire sunan mahaifina ya sa na mijina, wai don kada na'ura ta gane ni. Tun a nan ya kamata jikina ya ba ni. Abin da yake daidai me ya haɗa shi da ɓuya? Amma ina ganin yaro da kwamfuta a gaba na ɗauka ya san komai. Naira dubu biyu ya karɓa, a kan abin da daga baya na ji kyauta ne, ko sisi ba a biya. Ya kuma ja mini kunne, idan an tambaye ni ko na taɓa rajista in ce a'a.

Bayan Babbar Sallah na je ɗaukar hoto da yatsu, a watan Yulin 2022, lokacin da aka ƙara wa'adi daga ƙarshen Yuni zuwa 31 ga Yuli. Kun dai tuna cikowar nan. Ga ruwan sama, ga goyo a bayana, ga lallen Sallah ya kama yatsuna baƙi ƙirin, sai da ma'aikaciyar ta sa na yi ta goge babban yatsa a gefen hijabi kafin ya ɗauku. (Ki bar sa lalle sai kin dawo, wannan ma ki riƙe.) Baiwar Allah ta dube ni ta ce, "Hajiya, kin taɓa yi a baya?" Na ce a'a. Da bakina na faɗa. Wannan a'a ɗin har yau tana yi mini ciwo, don ita ta yi aikinta, ni ce na yi mata ƙarya.

Suna za ki iya canzawa, yatsa fa? Hukumar zaɓe, wato INEC, na da na'urar da take gwada yatsu da fuskar kowane sabon mai rajista da na duk waɗanda suke cikin kundin, idan ta same ki sau biyu sai a soke sabon. A watan Oktoba ina tuƙa tuwo na ji a rediyo INEC ta ce cikin mutum miliyan 12 da ɗoriya da suka yi sabuwar rajista an soke sama da miliyan 2.7, yawanci saboda maimaici. Har na ce Allah ya kyauta, mutane ba sa jin magana. Ashe da ni ake. A Nuwamba aka liƙa sunaye a mazaɓu don kowa ya je ya duba nasa, ban je ba, ina taƙama da 'yar takardar wucin gadi da aka ba ni, wadda na naɗe a leda na sa a ƙasan akwati.

Sai Janairun 2023. Aka sauko da rabon kati zuwa mazaɓu daga 6 ga wata. Hunturun shekarar ya yi tsanani, ina idar da sallar asuba nake fita, in sami an riga an buɗe takardar rubuta suna, ni ce ta ɗari da wani abu. Ana kiran suna ta taga, kowa ya kasa kunne, wadda aka kira ta kutsa ta fito tana washe baki. Kwana uku ina wannan jeka-ka-dawo. Ran na ukun wani matashi cikin masu rabon ya ji tausayina, ya karɓi takardata ya bi ɗaurin katunan nan ɗaya bayan ɗaya, yatsunsa duk sun yi fari fat da ƙura, ya ce babu, in gwada ofishin ƙaramar hukuma. Lokacin nan kuwa an shiga rikicin canjin kuɗi, mai adaidaita sahu ya ƙi tsohuwar ɗari biyar, sabuwar kuma ba a ganinta ko a mafarki, ga layin mai. Da ƙafa na yi rabin hanya, yarinya tana tari a bayana. Na isa, na sake bin wani layin har bayan azahar. Da aka zo kaina, mutumin ya duba a kwamfuta, ya ɗago ya kira ni da sunan mahaifina, sunan da ba shi a takardar da na miƙa masa. Ya ce, "Ke ai mai zaɓe ce a Zariya, rajistarki tana nan daram. Wannan ta biyun an soke ta." A gaban mutane fa. Wata mata a bayana ta ce, "Irin su ne suke cika mana layi." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fito na zauna a kan dakalin wani mai shayi, hawaye suna zuba, ko kuɗin ruwan leda babu a hannuna.

Da na koma wurin yaron nan kun san me ya ce? "Anti, ai matsalar sabis ce." Sabis! Na ce to kuɗina fa, ya ce ai ya yi aiki, data ya saya. Ko haƙuri bai ba ni ba. Daga baya na ji ba ni kaɗai ba ce, mu huɗu ne a layinmu ya yi wa haka, har da wata dattijuwa da ta sayar da kazarta ta biya shi. Ƙanin maigida kuma sai cewa ya yi in bar maganar don kada zumunci ya ɓaci. Zumuncin wa? Har yau idan na wuce ƙofar shagon sai ya ce "Anti ina wuni", ni kuwa amsawar fatar baki nake yi. Kuma fa laifi ne a dokar zaɓe mutum ya yi rajista sau biyu, da an tashi kamawa ni za a kama, shi yana can yana taunar cingam.

Ranar 25 ga Fabrairu, ranar zaɓen shugaban ƙasa, ina tsakar gida maƙwabta suna ta dawowa da tawada a yatsa. Katina mai kyau yana jakar Inna a Zariya, kuɗin mota babu, ranar zaɓe kuma an hana zirga-zirga. Na gwamna da aka ɗage zuwa 18 ga Maris ko da na je ma na Kaduna zan zaɓa, alhali ruwan famfona da makarantar yarana a Kano suke.

To ke dai abin da za ki nema sunansa sauyin wurin zaɓe. Ki je ofishin hukumar na ƙaramar hukumar da kike zaune yanzu da tsohon katinki a hannu, ki ce kin yi ƙaura. Ana iya farawa a shafinsu na intanet ta waya, amma idan ba ki iya ba gara ki taka da ƙafarki da ki miƙa kanki ga 'yan shago. Idan katin ɓata ya yi ko ya karye, shi ma neman madadi ake yi, ba a sake rajista. Ki bar sunanki yadda yake a tsohon, in gyara kike so akwai wurin gyara daban. Kafin ki fita ki tambayi maƙwabta sunan mazaɓarku da rumfar da suke zaɓe, don tun 2021 aka ƙara rumfuna suka kai 176,846, wataƙila akwai wata a bakin layinku ba ki sani ba. Ni da aka sake buɗewa a Agustan 2025 haka na yi, na aika aka kawo mini katin daga gida, na je da sassafe, kafin azahar na dawo na ɗora girki.

Sannan idan suka liƙa sunaye, ko kina da biki ki je ki ga naki da idonki. Takardar wucin gadi ba a zaɓe da ita, sai katin. Kuma ba a karɓar wa mutum, da kanki za ki je, kada wani ya ce ki kawo takardarki zai karɓo miki. Masu bi gida-gida suna rubuta lambar kati wai za a raba tallafi ko atamfa, su ma ki ce musu katin yana wurin maigida.

Wanda ya ba ki shawarar nan, in shago gare shi, tambaye shi ko zai raka ki layin karɓa a cikin hunturu.