Abin da ke sa kayan takarda da sitaci yin hunhuna, da yadda za a magance shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar firamare a Unguwar Rogo, Jos. A watan Yuli na koya wa 'yan aji biyar yadda ake yin kwanuka da kawunan dabbobi da tsohuwar jarida da sitaci, amma kafin mako biyu duk sun yi hunhuna suna wari, wasu ma sun lotsa. Sitacin ne ba shi da kyau, ko kuwa dole sai mun sayi farin gam na kafintoci, alhali makarantar ba ta da halinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Sitacinki ba shi da laifi, kuma ba na so ki daina wannan aikin saboda tsadar gam. Abin da ya ɓata muku kaya shi ne ruwan da ya maƙale a tsakiyar takardun bai samu hanyar fita ba. Sitaci abinci ne ga hunhuna, takarda ma haka, amma hunhuna ba ta tsirowa sai da laima. Kun kuma yi aikin a tsakiyar damina, lokacin da garin Jos, wanda yake kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kan wuni cikin yayyafi da sanyi, har tufafin da aka shanya su kwana ba su bushe ba.

Yawanci yara kan yi ɗoki su jibga takarda hawa shida ko bakwai a zama ɗaya, kowace a jiƙe sharkaf. Washegari sai saman ya bushe ya yi kyau a ido, a ɗauka an gama, a shafa fenti, fentin kuma ya toshe ɗan numfashin da ya rage wa cikin. Daga nan ruɓa take farawa, ta ciki, inda ba a gani. Don haka kada a wuce hawa biyu a zama ɗaya. Yaro ya tsoma takardar a sitaci, ya ratsa ta tsakanin yatsunsa biyu ya tsane ta sosai, sannan ya shimfiɗa ya lailaye da ɗan yatsa har iskar da ke ƙasa ta fita. Idan an yi hawa ɗaya a tsaye, na gaba a yi shi a gicciye, domin wannan saɓanin shi ne yake ba abin ƙarfi, ba kauri ba. Kuma a yage takardar da hannu, faɗinta kamar yatsu biyu, kada a yanka da almakashi, saboda bakin yagaggiyar takarda yana da gashi-gashi da ke narkewa cikin ta kusa da ita. Jarida tana da gefen da take yagewa a miƙe, yara za su gano shi da kansu. Takardar mujalla mai santsi ba ta shan sitaci, a bar ta. Ina kuma roƙonki ki duba takardun kafin ki raba, a ware duk wadda ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah.

Kafin a ƙara wani hawa, a ɗora abin a kan kunci ko bayan hannu. In an ji sanyi, to akwai sauran ruwa, komai bushewar da ya nuna a ido. Wanda ya bushe da gaske ba ya da nauyi, kuma idan aka ƙwanƙwasa shi da farce yana amsawa. Da zarar hawa huɗu sun yi tauri, a zare ƙwaryar ko robar da aka ɗora aikin a kanta, domin cikin ma ya sha iska. Shafa mata ɗan basilin tun farko yana sauƙaƙa cirewar. A shanya a kan ragar waya kusa da taga, ba a kan siminti ba.

Shi kansa sitacin, a dama shi da ruwan sanyi, a kwarara masa tafasasshen ruwa ana juyawa har ya yi kaurin koko, a bar shi ya huce. A dama na ranar kawai, domin wanda ya kwana ya riga ya fara tsami. Mutane da yawa suna cewa a zuba gishiri, kuma gaskiya ne yana rage saurin lalacewa, sai dai gishiri yana jan laima daga iska, saboda haka da damina ban cika son sa ba. Na fi son a tafasa 'yan ƙwayoyin kanumfari a ruwan da za a dama sitacin, domin mansa yana rage tsirowar hunhuna.

Idan za ki sayi farin gam, ƙaramar roba ta ishi aji guda, matuƙar a hawan ƙarshe kaɗai za a yi amfani da shi. A sirka shi da ruwa kaɗan, a zuba garin guntayen allin da ake sharewa a gindin allo, a shafa a jikin abin bayan ya bushe ƙayau. Wannan zai rufe rubutun jarida, ya ba da farin fili mai karɓar launi. Ko da an shafa banish a kai, kwanon takarda na ado ne ko na ajiye fensir da maɓallai, ba na zuba abinci ko ruwa ba.

Waɗanda suka riga suka yi hunhuna har suka yi laushi a zubar da su, kada a bar yara su goge, musamman masu ciwon asma, domin ƙurarta tana tayar da shi. In tsarin makaranta ya ba ki dama, ki mayar da manyan ayyuka zuwa Nuwamba ko lokacin hunturu, amma a lokacin a shanya a inuwa, saboda bushewar gaggawa tana sa bakin kwano ya karkace.