Yaya 'yan majalisa suka zaɓi gwamna bayan jama'a sun kaɗa ƙuri'a?

Tambaya: Malam, na ji cewa a farkon tarihin Amurka an taɓa yin zaɓen gwamna, aka ƙirga ƙuri'u, amma 'yan majalisa ne suka faɗi wanda zai hau kujera. Wannan ba murɗiya ba ce? (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: A'a, doka ce ta tanadi haka. Mu ɗauki jihar Massachusetts. Tsarin mulkinta na 1780 ya ce gwamna shekara ɗaya zai yi, kuma ba zai ci zaɓe ba sai ya samu fiye da rabin ƙuri'un da aka kaɗa. Fin kowa ƙuri'a kaɗai bai wadatar ba. Idan babu wanda ya haye rabin, majalisar wakilai za ta duba mutum huɗu da ke kan gaba ta tsamo biyu, ta miƙa wa majalisar dattawa, su kuma dattawa su zaɓi ɗaya.

Hakan ta faru a 1785. Gwamna John Hancock ya yi murabus a farkon shekarar, ya ce rashin lafiya ce. Na hannun damansa, Thomas Cushing, ya kara da James Bowdoin, attajirin Boston, sai wasu 'yan takarar suka yagi nasu rabon, aka rasa mai rinjaye. Dattawa suka ba Bowdoin.

A nan matsalar tsarin take. A lokacin babu jam'iyyu masu tsayar da mutum guda, don haka ƙuri'a takan warwatsu. Kuma kujerun dattawa an raba su ne bisa yawan harajin da kowane yanki ke biya, masu dukiya kenan suka fi baki a can. Bowdoin ya matsa wajen karɓar haraji don biyan bashin yaƙin neman 'yanci, alhali manoman yammacin jihar ba su da tsabar kuɗi a hannu, kotuna na ƙwace gonakinsu. A 1786 tawayen manoman da ake jingina wa Daniel Shays, wani tsohon soja, ya ɓarke. An murƙushe shi, amma a zaɓen 1787 Hancock ya dawo ya kayar da Bowdoin warwas.

A 1855 Massachusetts ta gyara dokar, wanda ya fi ƙuri'a shi ne gwamna. Jihar Vermont kuwa har yau tana kan tsohon tsari: a Janairun 2015 'yan majalisarta suka zaɓi Peter Shumlin da ƙuri'a 110, Scott Milne ya samu 69.